Guntun gatarin da ba a ba mu ba

Akwai wani benci a ƙofar gidana a Bukoki inda muke zama bayan sallar isha'i, mu huɗu ko biyar, dukanmu masu cin abinci da alli. A nan ne, kwanan baya, wani abokin aikina ya ajiye kofin shayinsa ya ce da ni: "Malam, taya ni lissafi, kaina ya ɗaure." Shekarunsa 46 a duniya, 17 daga cikinsu ya yi su ne yana koyar da tarihi a kwaleji a matsayin malamin kwantiragi. Yana da ƴaƴa shida, da tsohuwa a ƙauye. Hanyoyi uku ne a gabansa. Ko ya ci gaba da jiran ranar da sunansa zai fito cikin jerin waɗanda za a ba lambar aikin gwamnati, ko ya karɓi aikin wata goma sha takwas da wani furoje ya yi masa tayi da kuɗin da ya ninka nasa sau uku, ko kuma ya ci bashi ya kama rumfa kusa da ta surukinsa a kasuwar Katako ya sayar da fenti da ƙusa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ya ƙara da ita. Ya ce a wani taron ƙara wa juna sani da aka kira su, wani babba ya tashi ya shaida musu cewa zamanin jiran gwamnati ya wuce, kowa ya tashi ya dogara da kansa, domin Bahaushe ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Aka yi tafi. Shi kuwa mai maganar, albashinsa na shiga banki kowane ƙarshen wata, fanshonsa na jiransa, motar ofis na bakin ƙofa. Wannan wa'azi ya yawaita a rediyo da tarurruka har ya fara kama da gaskiya. Ina so in yi gardama da shi a fili, a gaban ƴan'uwana malamai da ƙungiyoyinmu na raya harshe da al'adu, domin ni ma na yi shekaru takwas a kwantiragi kafin Allah ya yi mini mafita, kuma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke yi masa yoyo.

Kafin a ce wa mutum ya zaɓa, sai a tuna yadda aka kawo shi mararrabar. Malamin kwantiragi bai faɗo daga sama ba. A shekarun 1980 kuɗin uraniyom ya karye, ƙasarmu ta shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, aka taƙaita ɗaukar ma'aikata. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai suka fito don ƙin abin da wannan tsari zai yi wa ilimi, aka harbe uku daga cikinsu a gadar Kennedy. A Janairun 1994 aka rage darajar kuɗin sefa da rabi, a daidai lokacin da ma'aikata ke bin gwamnati bashin albashin watanni. A waje kuwa, tarukan Jomtien a 1990 da Dakar a 2000 sun ɗora wa kowace ƙasa alkawarin sa kowane yaro a makaranta. Yara sun yi yawa, baitulmali ya yi ƙaranci, sai aka nemo dabara. Senegal ta fara a 1995, mu muka bi a 1998: a ɗauki matasa su koyar ba tare da an sa su cikin ma'aikatan dindindin ba. Da fari aka kira su ƴan sa-kai, daga baya ƴan kwantiragi. Shirin shekaru goma na bunƙasa ilimi da aka soma a 2003 a kan wuyansu ya tsaya.

Ba zan yi wa dabarar ƙarya ba, ta buɗe azuzuwa. A shekarar 2000 kimanin kashi 34 cikin 100 ne adadin shiga firamare a Nijar. Bayan shekaru goma ya haura 70. Amma wa ya biya kuɗin wannan nasara? Waɗanda aka ce musu su yi haƙuri na ɗan lokaci. A tsakiyar shekarun 2010, kusan huɗu cikin kowane malamai biyar na firamare ƴan kwantiragi ne. Abin da aka kafa a matsayin bukkar kwana biyu shi ya zama gidan. Matasan da suka shiga da baƙin gashi su ne yau furfura ta kama, kuma su ake yi wa wa'azin gatari.

Tun da Faransanci nake koyarwa, bari in yi abin da na saba yi a aji, in tone asalin kalmomi. Abin da ake biyan malamin kwantiragi a ƙarshen wata, a takardun hukuma ba a ce masa albashi, pécule ake ce masa. Kalmar ta fito daga peculium na Latin, wato ɗan abin da ubangida a tsohuwar Rum yake bari a hannun bawansa ya juya, alhali a shari'a dukiyar ta ubangidan ce. Irin wannan aiki kuma ana siffanta shi da précaire, daga precarius, abin da aka samu ta hanyar roƙo, wanda mai shi ke iya karɓewa duk ran da ya ga dama. Ban ce waɗanda suka rubuta takardun sun yi nufin zagi ba. Harshe ne ya riga su faɗin gaskiya. Mu kuma a Hausa muna da tamu fassarar a taƙaice: kayan aro ba ya rufe katara.

To, mu auna hanyoyin nan uku da ma'aunin mutumin da ya ba arba'in baya, domin ma'auninsa daban ne da na saurayi.

Mu fara da sana'ar kai, tun da ita ake yi wa kirari. Ni ba na raina kasuwa. A Bukoki na girma, na san maƙeran Katako da ke narka tsohon alminiyom su zuba tukwane, na san masu katako da masu kwanon rufi da suka gina gidaje suka kai iyayensu Makka. Sai dai na san yadda suka kai can. Yawancinsu sun shiga rumfa tun suna yaran shago, sun yi shekaru suna ɗaukar kaya, sun koyi wanda ake ba bashi da wanda ake yi wa murmushi a hana, sun faɗi sun tashi tun ba su da iyali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamin da ya shekara ashirin yana gyaran takardun ɗalibai, jarinsa na cikin kansa, kuma wannan jari ba ya sayen buhun siminti. Idan ya ci bashi ya buɗe rumfa, kuɗin haya da fatanti da biyan bashi ba za su jira ya ƙware ba. Saurayi in ya karye yana da shekaru ashirin na gyara. Mai shekara 46 in ya karye, ƴarsa ce za a cire daga lise.

Kuma kasuwa ba ta hannun ɗan kasuwa kaɗai. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 da takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba mana, da rufe iyakar Benin, kayan da suka saba zuwa daga tashar Kwatano suka koma zagaye mai nisa, farashi ya tashi, ƙananan ƴan kasuwa da yawa suka cinye uwar kuɗinsu. Wane horon kwana uku ne kan dabarun kasuwanci zai kare mutum daga wannan? Sannan ina tambayar masu wa'azin: dogaro da kai ne ya yi mana ƙaranci? Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya ce kusan kashi 86 cikin 100 na masu aiki a Afirka suna cikin ayyukan da babu rajista, babu kariya. Mai tallan ruwa, mai kabu-kabu, mai tuyar ƙosai, duk kansu suka dogara da shi tun asuba. Abin da muka rasa shi ne aikin da ke riƙe mutum ranar da ƙarfinsa ya ƙare. Wanda ya tura malami cikin wannan tururuwa ya ƙara mai talla ɗaya ne, ya rage mai koyarwa ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce kwantiragi, kuma iri-iri ce. Akwai ta makarantun kuɗi, inda ake biyan mutum da awa: ranar da ya kwanta ciwo babu, watannin dogon hutu babu. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Maris na 2020, na san malamai a unguwar nan da suka yi makonni ba su ga ko dala ba, har sai da muka yi musu karo-karo. Akwai kuma ta furoje, wadda ta fi kowace ƙyalli: farar mota, kuɗin tafiya, otal mai sanyi. Amma ran furoje yana hannun majalisar wata ƙasa da ba ta san sunanka ba. A 2023 masu ba da tallafi da dama sun dakatar da nasu. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta tsayar da agajinta na waje, kafin tsakiyar shekara ta rushe hukumar USAID, ayyuka suka mutu a faɗin Afirka cikin makonni. Abokina in ya karɓi wata goma sha takwas ɗin nan, zai fito yana da shekara 48, ya bar layin da ya yi shekaru 17 a kai, kuma masu ɗaukar aiki sun fi son yaro mai sabuwar takarda da araha. Kwantiragi na yi wa mutum biyu rana: matashin da ke tara ƙwarewa, da gwanin da ya riga ya tsare bayansa yake sayar da iliminsa da tsada. Wanda ke tsakiyarsu, mai iyali marar ajiya, shi ke shan ranar.

Saura aikin dindindin, wanda aka mayar abin kunya, ana ce wa mai nemansa rago mai jiran ƙarshen wata. Me ke cikin lambar aiki? Albashi mai hawa mataki-mataki da shekaru. Haƙƙin jinya. Damar zuwa banki a ba ka rancen gina ɗaki biyu saboda an san gobenka. Fansho, wanda ba kyauta ba ne, wani yanki ne na ladan aikinka da aka jinkirta, kuma gwargwadon shekarun da aka lissafa maka ake auna shi. A nan ne shekaru ke zama wuƙa: doka ta sa iyakar shekarun shiga aikin gwamnati, ta kuma sa na fita. Kowace shekara da mutum ya ƙara a kwantiragi tana matso da shi ga ƙofar da za ta rufe, tana kuma rage abin da zai ci a tsufa ko da ya shiga. Saboda haka jinkirin da hukuma ke gani kamar sha'anin takardu, a gidan malami asara ce da ba a ramawa.

Akwai kuma abin da ya wuce aljihun malami, ya shafi yaro. Tun ranar 5 ga Oktoban 1966 UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka amince da wata shawara kan matsayin malamai, wadda ta ce tabbacin aiki wajibi ne don amfanin ilimi da na malamin baki ɗaya. Ranar ce muke bikinta kowace shekara da jawabai da riguna iri ɗaya. A Nuwamban 2004 aka yi taro a Bamako kan malaman da ba ma'aikatan gwamnati ba, aka yarda cewa a ba su horo na ƙwarai da hanyar shiga aiki na dindindin. Masu bincike uku, Bourdon da Frölich da Michaelowa, sun kwatanta Mali da Togo da Nijar a wani nazari da aka buga a 2010, suka ga cewa tsarin kwantiragi ya amfani ɗalibai a Mali, amma a Nijar ya cutar da su. Ni ban buƙaci nazari ba kafin in san dalili. Malamin da zuciyarsa ke kan kuɗin haya, idonsa na kan allon sanarwar furoje, ba zai zauna ya shirya darasi mai kyau ba. Mu da ke koyar da Hausa mun fi kowa sani. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai harshe biyu a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi, amma sau nawa aka horar da malami kan ƙa'idojin rubutun Hausa, bayan shekara biyu ya bar aji ya tafi neman abin da zai riƙe shi? Da tsohuwar zuma ake magani, mu kuwa muna zubar da tamu da zarar ta fara kauri.

Na san abin da za a mayar mini. Za a ce gwamnati ba ta da kuɗi, ga yaƙi a iyakoki, ga rabin al'umma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Gaskiya ne, kuma ban ce a ɗauki kowa gobe da safe ba. Amma rashin kuɗi hujja ce ta tsara layi a bayyane, wanda ya fi daɗewa ya fara shiga, kowa ya san shekararsa. Ba hujja ba ce ta cewa bashin ya faɗi. Wanda ake bi bashi in ya rasa abin biya, haƙuri yake bayarwa ya sa rana. Ba ya tara masu binsa ya yi musu lacca kan falalar neman na kai.

Za a ce kuma da yawa daga ƴan kwantiragi ba su iya aikin ba, a kawo jarrabawar da ma'aikatar ilimin firamare ta yi musu a 2017, wadda bisa alƙaluman hukuma kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka sami matsakaicin maki. Ban musa ba, sakamakon ya ba mu kunya. To amma wa ya ɗauke su? Wa ya miƙa musu alli bayan horon ƴan makonni, wasu ma babu horon? Wanda ya shuka gero a kan fako ba ya zagin zangarniya. In mutum bai cancanta ba, a horar da shi ko a sallame shi tun da sauran ƙarfinsa. In kuwa ya cancanci a bar masa yara sittin shekara 17, ya cancanci lamba.

Gaskiya ɗaya ta rage, kuma a kanmu take. Cikinmu masu lamba akwai waɗanda suka mayar da aikin dindindin matashin kai. Sunansu na kan jadawali, jikinsu na kasuwa ko makarantar kuɗi, aji na hannun shugaban ɗalibai yana rubuta sunayen masu surutu. Taura biyu ba ta taunuwa. Waɗannan su ne ke ba masu wa'azin gatari hujja, kuma su ne ke cin amanar ɗan kwantiragin da ke aji na kusa yana aikin mutum biyu da rabin lada. Ƙungiyoyinmu, daga SNEN har zuwa na ƴan kwantiragi, in suna son a saurare su kan haƙƙi, sai su yarda su yi magana kan wajibi. Wanda zuciyarsa ta koma kasuwa ya ajiye allin da mutunci, ya ba mai so wuri.

Ga abin da nake kira a yi. Na ɗaya, a buga jadawalin shigar da ƴan kwantiragi aiki bisa daɗewa da cancanta, a manna shi inda kowa zai gani, don a kashe kasuwar sanayya. Na biyu, kada iyakar shekaru ta hana wanda ya tsufa a cikin aji. Shekarun da ya yi yana koyarwa su zame masa ceto. Na uku, kowane wata da mutum ya yi yana aiki, a gwamnati ne ko a makarantar kuɗi ko a furoje, ya shiga lissafin fanshonsa, kuma lissafin ya bi shi duk inda ya koma, tsakanin asusun CNSS da na ma'aikatan gwamnati. Ranar da aka yi haka, sannan kalmar zaɓi za ta yi ma'ana, domin mutum zai iya barin aji ya gwada kasuwa ba tare da ya ƙone shekarunsa ba. Na huɗu namu ne, ba ya jiran sa hannun minista. Matan karkarar Maradi sun kafa asusun Mata Masu Dubara tun 1991, tsarin ya bazu har ƙasashen waje. In matan da yawancinsu ba su shiga aji ba sun iya riƙe akwati da amana, malaman unguwa guda ba su da uzurin rasa asusun jinya da na rance. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abokina kuwa, ga abin da na ce masa a daren nan, kuma shi zan ce wa duk mai irin shekarunsa. Kada ka saki layin da ka yi shekaru a kai saboda kuɗin wata goma sha takwas, sai in ka lissafa abin da za ka ci a wata na goma sha tara. Ka je da ƙafarka ka bincika ko sunanka na cikin rajistar asusun fansho, da watanni nawa aka rubuta maka, ka adana kowace takarda tun daga ta farkon kama aiki. In kasuwa na ranka, ka fara da abin da in ya nutse ba zai tafi da tukunyar gidanka ba, ka zauna rumfar surukinka a lokacin hutu ka koya kamar yaron shago, kada ka ci bashi da sunan gwaji. Kuma kada ka bari kowa ya sa ka jin kunyar neman aikin dindindin. Haƙƙinka kake nema.

Sunan unguwarmu daga bukkoki ya samo asali, na mutanen da suka zo Yamai suka kafa zana da kara a bayan gari. Ba su zauna a haka ba. Da suka sami tabbacin ba za a tashe su ba, suka zuba tubali, yau ga gidaje ga masallatai ga makarantu. Mutum ba ya gini a filin da za a iya korarsa gobe. Mun kuma ga abin da zaman wucin gadi ke jawowa in ya daɗe: a Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas a nan Yamai, yara kimanin 20 suka rasu, a Nuwamban shekarar aka sake yin irinta a Maradi. Bayan haka kowa ya yarda cewa ajin zana ba aji ba ne. Ina roƙon a yarda da haka game da wanda ke tsaye a gaban allon, kafin tsararmu ta kai shekarun ajiye aiki hannu wofi. Wanda yake son mu yi sara da gatarinmu, ya fara biyan mu ladan itacen da muka riga muka sara masa. Allah ya ba shugabanninmu ikon cika alkawari, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanar ƴaƴan mutane.